A Ba Fim Ɗin La Notte Fili A Shafin Fina-finai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba wani tsohon fim na ƙasar Italiya fili a shafinku na fina-finai. Sunansa La Notte. Michelangelo Antonioni ne ya ba da umarninsa, ya fito a 1961, kuma a shekarar ya lashe babbar lambar yabo ta bikin fina-finai na Berlin.

Labarin yini guda ne da dare guda. Giovanni marubuci ne mai tashe a birnin Milan, Lidia kuma matarsa ce. Marcello Mastroianni da Jeanne Moreau ne suka fito a matsayinsu. Sun je asibiti duba abokinsu Tommaso da ke gab da cikawa, daga nan suka wuce taron ƙaddamar da sabon littafin mijin. Lidia ta sulale ta bar taron, ta yi ta yawo ita kaɗai har unguwar da suka zauna farkon aurensu. Da dare suka halarci liyafar wani attajiri mai masana'antu, wanda ya yi wa Giovanni tayin aiki mai tsoka, shi kuwa hankalinsa na kan 'yar mai gidan, Valentina, wadda Monica Vitti ta fito a matsayinta.

Abin da ya sa nake son masu karatu su san fim ɗin shi ne, babu kishiya a gidan nan, babu uwar miji, babu talauci, babu duka ko zagi. A lokacin Italiya na cikin bunƙasar arziki bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har fim ɗin ya buɗe da dogon benen Pirelli, alamar sabon Milan. Ga kuɗi, ga suna, amma auren ya mutu a tsaye. Da gari ya waye, Lidia, wadda ta riga ta ji labarin rasuwar Tommaso ta waya, ta zaro wata tsohuwar wasiƙar soyayya ta karanta wa mijinta. Sai ya tambaye ta wa ya rubuta. Shi ne ya rubuta mata, ya manta. Wallahi wannan wurin ya fi mini kowace rigima ciwo.

A yawancin fina-finanmu sai an nuna mai laifi kafin aure ya lalace. Gidajen da miji da mata ke gaisawa cikin mutunci alhali zuciya ta daɗe da rabuwa, da wuya a ga an taɓo su, kuma akwai su a cikinmu.

Fim ɗin marar launi ne, tafiyarsa a hankali take, wasu za su ce ya cika shiru. Akwai kuma wuraren da ba su dace da tarbiyyarmu ba, ba na ɗaukar wannan da wasa. Shi ya sa nake so mai sharhinku ya kalle shi da idon basira, ya rubuta a kansa dalla-dalla, musamman don matasan da ke koyon rubuta labarin fim.

Naku,
Mai karatu daga Zariya