Gaisuwar Sallah daga Landan

Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Barkanku da Sallah, Allah Ya karɓi ibadarmu, Ya maimaita mana. A gaishe min da ƙannena da duk mutanen gida.

Da sassafe na yi Idi a babban masallacin da ke Regent's Park. Jama'a sun yi yawa, sai da aka yi sallar kashi-kashi. A Ingila ba a ba da hutun Sallah, don haka daga masallaci sai makaranta, da sabbin kaya a jikina, jakar littattafai a kafaɗa.

Baba, kullum muka yi waya sai ka tambaye ni wane irin karatu ne wannan "nazarin ɗan Adam da al'adunsa", ni kuma sai in yi ta kame-kame. Bari yau in amsa. Sana'ar baƙunta ake koya mana. Mutum ya je wurin wasu mutane ya zauna shekara guda ko fiye, ya koyi harshensu, ya ci abin da suke ci, ya rage surutu ya buɗe kunne. Wanda ya kafa wannan hanya a nan, Malinowski, shi kansa baƙo ne, daga Foland ya zo karatu Landan a 1910. Tsakanin 1915 da 1918 ya zauna a tsibiran Trobriand, kusa da Niyu Gini. Can ya ga mutane suna shiga kwale-kwale su keta teku don musayar sarƙar wuya da awarwaro na ƙwansar dabbobin ruwa. Sarƙa na zagaya tsibiran ta wannan ɓangare, awarwaro ta wancan, kuma ba mai riƙe su har abada. Ashe ba kayan ake bi ba, abota da suna ake nema. Yau da na ga ana miƙa wa yara kyauta a bakin masallaci sai abin ya faɗo min a rai.

Ba komai nake haɗiyewa ba dai. Wannan ilimi ya girma ne a inuwar mulkin mallaka, kuma a aji wani lokaci sai ka ji ana maganar Afirka kamar ba ka wurin. Nakan ɗaga hannu. Jomo Kenyatta ma ya zauna a ajin Malinowski, ya rubuta game da mutanensa Kikuyu da kansa, aka buga a 1938, tun kafin ya zama shugaban Kenya.

Digiri na biyu shekara ɗaya ne kacal a nan, karatun kuwa tuli. Biza ta ba ni damar aiki awa 20 a mako lokacin zango, da shi nake rage kuɗin haya. Kada ku damu, ina cin abinci.

Inna, ina da roƙo. An ba mu aikin zana dangantaka, namiji alama mai kusurwa uku, mace da'ira. Na fara da namu, na kai kan kakanni na maƙale. Matan Kaka nawa ne, wace ce ta haifi wa? Bayan isha'i zan kira, ki taimake ni, alƙalami na hannuna.

Ɗanku mai kewarku.