Wasiƙa daga Niyok: Gidajen Abincin da Ake Cewa Akwai Fatalwa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, da Inna da Baba da duk mutanen gida. Ni ma ina nan ƙalau, sai godiyar Allah. Sanyi ya fara kunno kai, ganyen itatuwa ya yi ja yana ta zuba.

Abin da ya sa na zauna na rubuta maimakon in kira waya shi ne maganar da Auta ta faɗa mini, wai tun da Inna ta ga hoton ƙofar wurin aikinmu da ƙwarangwal a rataye da kabewa mai idanu ba ta sami barcin kirki ba, har ta ce a kai wa malam sadaka a yi mini addu'a. Addu'a kam ina so, kada a fasa. Amma don Allah ka zauna da ita ka karanta mata wannan a tsanake. Ƙwarangwal ɗin na roba ne, a kanti ake sayensa. Duk shekara ranar 31 ga Oktoba mutanen nan suna wani biki da suke kira Halowin. Yara su sa tufafin ban tsoro su bi gida-gida ana ba su alewa, masu shaguna kuma su rataye irin wannan tarkace a ƙofa. Da an shiga Nuwamba za a kwashe a mayar cikin kwali.

Sai dai tambayar da Inna ta yi, ko da gaske akwai fatalwa a gidajen cin abincin garin nan, tambaya ce mai tushe, don su kansu masu gidajen ke faɗa da bakinsu. Ka san a gida idan aka fara raɗe-raɗin ana jin motsi da dare a rumfar wata mai tuwo, to ta gama ciniki, ko almajiri ba zai tsaya mata da kwanonsa ba. A Niyok kuwa labarin fatalwa jari ne. Jaridu na jera sunayen gidajen duk watan Oktoba, mutane na rububin kama tebur. Akwai ma masu sana'ar zagayawa da baƙi da daddare, kowa ya biya kuɗi, a bi unguwa a ƙafa ana tsayawa ƙofa-ƙofa ana ba su labarin wanda ya mutu a ciki. Hanyata ta zuwa tashar jirgi tana bi ta inda suke tsayawa. A bakinsu na fara jin abin da zan faɗa maka, daga baya na bi diddigi, don na san kai malamin makaranta ne, ba ka karɓar labarin da ba shi da shekara.

Gidan da ya fi suna shi ne One if by Land, Two if by Sea, a titin Barrow cikin unguwar Greenwich Village. Tsohon ginin jan bulo ne, an ce tun 1767, asalinsa wurin ajiye keken doki ne. Yau gidan abinci ne mai tsada, da kyandir a kan kowane tebur, samari na kai 'yan mata can su nemi aurensu. Labarin da gidan ke bayarwa shi ne ginin ya taɓa zama na Aaron Burr, mataimakin shugaban Amurka daga 1801 zuwa 1805. A zamaninsu idan manya suka ci mutuncin juna, sai a sa rana su fita da bindiga gaban shaidu. Haka Burr ya yi da Alexander Hamilton, ministan kuɗin Amurka na farko, ranar 11 ga Yuli 1804, a ƙetaren kogin Hudson. Burr ya harbe shi, washegari ya cika. Hoton Hamilton ne a takardar dala 10, ka duba cikin wadda na ba yara tsaraba. Daga ranar tauraron Burr ya dushe.

Amma fatalwar da aka fi ambata a gidan ta 'yarsa ce, Theodosia. Ya ba ta ilimin da a lokacin 'ya'ya maza kaɗai ake ba, har da Latin da Girkanci, ta auri mutumin da ya zama gwamnan jihar Karolina ta Kudu. A tsakiyar 1812 ɗanta guda ɗaya tilo ya rasu yana ɗan shekara 10. Ga baƙin ciki, ga rashin lafiya, sai ta ce za ta je ta ga mahaifinta. Ranar 31 ga Disamba 1812 ta shiga wani jirgin ruwa mai suna Patriot za ta Niyok, tana da shekara 29. Jirgin bai iso ba. Ba a ga katakonsa ba, ba a ga gawar kowa ba. Wasu suka ce guguwa ce, wasu suka ce 'yan fashin teku. Ana faɗin cewa uban ya daɗe yana zuwa bakin ruwa yana duban jiragen da ke shigowa. Ya rayu har 1836 ba tare da ya san inda ta kwanta ba.

Yanzu masu ba da labari na cewa ita ce ke yawo a gidan. Wai tana zare wa mata 'yan kunne, hotunan bango su karkace, fitilu su riƙa ƙyaftawa, wani ma'aikaci ya ji kamar an tura shi a matakala. Masu saurare na ta ihu suna dariya suna ɗaukar hoto. Ni dai dariyar ba ta zo mini ba. Maƙwabciyarmu ta bayan masallaci ce ta faɗo mini a rai, wadda ɗanta ya bi ta Agadas zai tsallaka Libiya, shekara da shekaru ba labari, har yau in aka yi sallama da dare ita ke fara fitowa. Wanda ya binne nasa ya yi zaman makoki, an yi masa gaisuwa, ya san inda zai je ziyara. Wanda bai ga gawa ba kullum kunnensa na ƙofa. A ganina daga nan labarin Theodosia ya samo asali: mutane sun kasa jure a ce uba ya jira 'yarsa har ya mutu bai gan ta ba, sai suka ƙarasa mata tafiyar da baki, suka shigo da ita gidansa.

Sauran ba zan ja su da tsawo ba. Akwai Fraunces Tavern a titin Pearl, inda George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, ya yi ban kwana da hafsoshinsa ranar 4 ga Disamba 1783 bayan yaƙin neman 'yanci. Nan ma ana cewa ana jin takun ƙafa a bene bayan an rufe. A watan Janairu 1975 kuma masu fafutukar 'yancin tsibirin Puerto Rico daga hannun Amurka suka dasa bam a wurin ana cikin cin abincin rana, mutum 4 suka mutu. Akwai White Horse Tavern, mashaya ce, ban taɓa shiga ba. Nan wani marubucin waƙa ɗan Wales, Dylan Thomas, ya yi shansa na ƙarshe a 1953, kwanaki kaɗan ya mutu yana da shekara 39, wai har yanzu teburin da yake zama yana juyawa da kansa.

Abin da na lura da shi, Yaya, kuma ya tsaya mini a rai, shi ne yawancin fatalwowin nan na masu suna ne, waɗanda hotonsu ke rataye a bango. Waɗanda suka hura wuta suka ɗebo ruwa suka wanke kwanuka a irin waɗannan gidaje, babu mai cewa ya gan su. Da yawansu kuwa bayi ne daga ƙasashenmu na Afirka. Burr kansa ya mallaki bayi. A titin Wall, inda ake hadahadar kuɗin duniya yau, an kafa kasuwar bayi a 1711, kuma ba a gama hana bauta a jihar Niyok ba sai 1827.

A 1991 ana tonon harsashin wani dogon ginin gwamnati a titin Broadway sai aka ci karo da kaburbura. Ashe maƙabartar baƙaƙen fata ce, tun lokacin da aka hana binne su a harabar cocin garin a 1697, aka ba su fili a bayan gari. An kiyasta mutum 15,000 ne a kwance a wurin, ofisoshi da tituna a kansu. An tono 419, da yawansu ƙananan yara. Masana a jami'ar Howard suka duba ƙasusuwan, suka ga alamun ɗaukar kaya masu nauyi da rashin abinci. An naɗe su da likkafani, kawunansu na yamma. A cikinsu akwai wata mata da aka binne da jigidarta a ƙugu, duwatsu fiye da 100 haɗe da wuri. Jigida, Yaya, irin wadda Goggo ke ajiyewa a cikin kwalla. Wani ya wanke matar nan, ya ga jigidar, ya bar mata abinta. A watan Oktoba 2003 aka sake binne su cikin akwatunan katako da aka sassaƙa a Gana, yanzu wurin na hannun gwamnati, ana shiga kyauta. Na je ranar hutuna. Tafiya ce kaɗan a ƙafa daga Fraunces Tavern. Na tsaya na yi addu'a ga duk wani mai kalmar shahada a cikinsu, don Allah ya san sunan kowa ko da mutane sun mance. Mutum dubbai a ƙarƙashin unguwa guda, an zalunce su da rai, an yi gini a kansu bayan mutuwa, amma shekaru kusan 200 ba wanda ya ce sun tsorata shi.

Wannan ya ƙara mini yaƙini da abin da Baba ya karantar da mu tun muna riƙe da allo. Wanda ya mutu ya tafi, akwai barzahu tsakaninsa da duniya har ranar tashi, kamar yadda ya zo a Suratul Mu'minun. Aljanu kam akwai su, sura guda gare su a Alƙur'ani, shi ya sa ban yi sakaci ba. Ka gaya wa Inna ba na zubar da ruwan zafi a magudana sai da bisimilla, kamar yadda ta koya mana, kuma ba na sauka ƙasa sai na karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi.

Na ce sauka ƙasa don ɗakin girkinmu a ƙarƙashin gini yake, kuma ni da wani ɗan Meziko mu ke rufewa bayan kowa ya tafi. Motsi kam ana ji. Za ka ji kamar ana dukan ƙarfe da guduma a cikin bango. Bututun ɗumama ɗaki ne: tururi mai zafi na shigowa da ƙarfi, ya tarar da ruwan da ya kwanta a bututun, ya buga shi a jikin ƙarfe. Tun 1882 ake tura tururi ta ƙarƙashin titunan Manhatan, wato tsakiyar birnin nan, shi ne hayaƙin da kuke gani yana fita daga ƙasa a talabijin. Kwanuka kan yi rawa a kan kanta idan jirgin ƙarƙashin ƙasa ya wuce. Ƙofa kan rufe kanta idan aka kunna fankar zuƙe hayaƙi. Ga ɓeraye, kowannensu ya kai gafiya. Abokin aikin nawa mutumin kirki ne, shi ya yarda matattu na kawo ziyara, a garinsu ma ranar 2 ga Nuwamba suna ajiye musu abinci da furanni. Mukan tattauna muna goge daɓe, ya faɗi nasa in faɗi nawa, ba mu taɓa ɓatawa ba.

Abu ɗaya ne a ɗakin girkin nan nake tsoro da gaske, kuma a kansa nake roƙonka. A bangonmu akwai wata 'yar na'ura da ke ƙara idan gubar hayaƙi ta taru, gubar da ke fita daga gawayi ko gas ko fetur idan wuta ba ta sami isasshiyar iska ba. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana sa ciwon kai da jiri da kasala, mutum ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, wani har ya riƙa jin sauti yana ganin abin da babu. A 1921 wani likita a nan Amurka ya buga labarin wasu iyali da suka tare a tsohon gida, suka riƙa jin takun ƙafa, suna ganin mutane a gefen gado da dare, yara suka rame. Da aka bincika, murhun ɗumama gidan ne ya lalace yana zubo musu guba. Aka gyara, komai ya lafa. Sau nawa muke ji a gida an wayi gari iyali guda sun mutu a ɗaki, a ce aljanu ne ko sammu, alhali janareta ne a zaure ko a bakin taga?

Don haka ka fitar da janaretan nan daga soro, ka kai shi can tsakar gida nesa da tagogi, ko da za a ƙara waya, ni zan biya. Hunturu na tafe, kuma na san Inna da kaskon gawayinta. Ta sha ɗuminta, amma a bar taga a buɗe, kuma a fitar da kaskon kafin ta kwanta. Ka sa Auta ta riƙa dubawa kowane dare.

Kuɗin makarantar yara zan turo ƙarshen wata in Allah ya yarda, tare da na maganin Baba. Ranar Juma'a na haɗu da wani ɗan garinmu a masallaci a Bronx, zai taho gida kafin azumi, zan ba shi rigunan sanyi biyu na Inna da Baba da tabaraun da ka ce. Ka sanar da ni ko an gama rufin ɗakin Kawu.

Ka gaida Inna da Baba da kyau, ka ce ina neman albarkarsu. Ka gaida Goggo da Kawu, da matarka da yara, da maƙwabciyarmu ta bayan masallaci, ka ce ina sa ɗanta a addu'a.

Wassalam,
Ƙaninka