Ma'ajin sarkin Faransa ma da ƙwaya yake lissafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili, wani abu ne ya tsaya mani a rai tun Alhamis ɗin da ta wuce. A kasuwar Dole na tarar da wata dattijuwa mai saida ƙuli-ƙuli tana lissafin cinikinta da ƙwallon dabino, duk dala ashirin sai ta aje ɗaya a bakin tabarma, in sun cika goma ta kwashe ta sa tsakuwa guda, jikka kenan. Wasu samari na tsaye kanta suna dariya, har ɗaya ya ce "Iya, wannan ai ƙauyanci ne, kawo in buga maki a salula." Wallahi raina ya ɓaci, don ni na san abin da ba su sani ba.

Kwanaki ɗan ƙanena da ke karatu a Faransa ya turo mani hoto ta WhatsApp, wani abu zagaye na azurfa kamar sile, gefe ɗaya kan sarki Luwi na 14 ne wanda ya yi mulki daga 1643 zuwa 1715, ɗaya gefen an rubuta sunan baitulmalin sarki da shekara. Na ɗauka kuɗi ne, ashe ba a sayen ko goro da shi, jeton sunansa, ƙwayar lissafi ce. Da irinsa ma'aikatan baitulmali ke ƙidayar dukiyar ƙasa, a shimfiɗa zane kan tebur a ja layuka sai a riƙa jera ƙwayoyin, kuma dole ta sa su, don kuɗinsu ba goma-goma yake tafiya ba, ƙaramin kuɗinsu deniye, 12 ɗinsa ke yin wani kuɗi mai suna "su", "su" 20 kuma ke yin libur ɗaya, to in deniye sun cika 12 sai a kwashe a sa ƙwaya guda a layin gaba. Ku faɗa mani mene ne bambancin wannan da tsakuwar Iya? Kalmar biro ɗin nan ma, wato ofis, da muke ji da ita, asalinta sunan zanen da ake shimfiɗa wa teburin ne.

Talakan ɗan kasuwa na tagulla yake amfani da su, da yawa daga garin Nurembag na Jamus ake kawowa. Na azurfan kuwa sai manya, duk sabuwar shekara a buga sababbi a zuba cikin jaka a raba wa ma'aikatan sarki, sannu a hankali abin ya tashi daga kayan aiki ya koma alawus. Kolber, ministan kuɗin Luwi, a 1663 ya tara masana da aikinsu ya haɗa da tsara kalaman da za a rubuta kan irin waɗannan. Wannan ɓangaren kam bai burge ni ba, azurfar daga harajin manoma ta fito, kuma can ne tushen kuɗin zaman taro da har gobe ake kira jeton.

Mu ma a Damagaram muna da namu. Kafin Faransawa su shigo a 1899 da wuri ake ciniki, biyar-biyar ake jan shi da yatsu a ƙasa har a cika keso, wuri dubu 20, kuma akwai gwanayen da ƙirgan ne sana'arsu. Kakata ta nuna mani yadda ake yi ina yaro, hannunta har ba ka ganin motsinsa. Su can sun adana nasu cikin gilashi ana zuwa kallo, namu wurin kuwa ya koma adon kai da na masu duba.

Roƙona ga malaman lakwal da fadar Mai Martaba, a nemi tsofaffin da suka gaji wannan ƙirgan tun suna raye a ɗauke su a bidiyo, a kawo su aji yara su gani da idonsu. Ni a shirye nake, akwai ƙwaryar wuri ta kakata a ɗakina, duk makarantar da ke so zan kai mata.

Wassalam,
Wani tsohon malamin lissafi, unguwar Birni, Zinder