A gyara kayan aikin masunta kafin a zarge su da rashin iya ɗaukar kaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan ciwon baya da ke addabar masuntan da ke su don kasuwa, wanda aka saba ɗora musu laifinsa.

Shawarar da ake ba su ita ce su lanƙwasa gwiwa, su miƙar da baya, sannan su ɗaga. Wannan mai sauƙi ne a kan tudu. Masunci kuwa yana tsaye ne cikin jirgin da igiyar ruwa ke jijjigawa, ƙafafunsa a kan daɓe mai santsi, ya sunkuya ta gefen jirgi yana jawo jiƙaƙƙen taru da hannuwa a miƙe, sannan ya murɗa ƙugu ya sauke, kuma haka zai yi ta yi har a tashi aiki. Cibiyar lafiyar ma'aikata ta Amurka, wato NIOSH, ta tsayar da kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya dace a ɗaga, shi ma sai kayan na kusa da jiki kuma ƙafa ta kafu sosai, sharuɗɗan da ba kasafai suke cika a kan ruwa ba.

Saboda haka, a ganina, gyaran yana wajen masu ƙira. Tun a shekarun 1950 wani masunci ɗan asalin Kuroshiya, Mario Puratić, ya ƙirƙiro injin jan taru da ya raba ma'aikatan manyan jirage da wahala mai yawa, amma ƙananan jirage da dama har yau da ƙarfin ƙirji suke ja. Ko ba inji, teburin tsintar kifi da ya kai tsayin ƙugu zai hana mutum wuni a duƙe. Akwatin kifi ma, da za a rage girmansa a yi masa mariƙa biyu masu cika hannu, da an huta, domin kifi da ƙanƙara idan suka haɗu ba ƙaramin nauyi ba ne.

Yarjejeniya mai lamba 188 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2007, ta ɗora wa mai jirgi alhakin samar da kayan da za a yi aiki da su lafiya. Ina kira ga masu jirage da maƙera su riƙa tambayar masunta inda bayansu ke amsawa kafin su yanke tsayin gefen jirgi ko na tebur.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku