Wasiƙa daga bakin tafkin Titikaka

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya su Hajiya da jiki? Da fatan kowa lafiya. Ka yi haƙuri kwana biyu ka ji ni shiru, inda na shiga ne sabis sai a hankali. Bayan mun gama taron noman dankali a Lima sai na ce ba zan bar Peru ba sai na ga tafkin nan Titikaka da ake ta ba ni labari, shi ne na hau zuwa Puno, garin da ke bakin tafkin.

Abin da ya fara tarbata numfashi ne. Garin yana sama da mita 3,800 daga matakin teku, iskar ba ta isar mutum, in ka hau bene ɗaya sai ka tsaya kana haki, ga ciwon kai. Su suna kiran abin soroche. Kwana ɗaya na yi a kwance kafin na ware.

Da safe muka shiga jirgin ruwa, kamar minti 30 sai ga mu a tsibiran Uros. Wallahi ba ƙasa ba ce, ciyawar ruwa ce da suke kira totora suke jibgawa a kan saiwarta har ta zama dandali, su ɗaure da igiya da turaku don kar iska ta tafi da gari, ta ƙasa tana ruɓewa suna ƙara sabuwa a sama. In ka taka sai ƙafarka ta lotsa kamar kan katifa. Ɗakunan da kwale-kwalen duk na ciyawar nan ne, har farin gindinta suna ɓarewa su ci, an miƙo min na tauna. Na tuna Buduma na tafkin Chadi da jiragensu na ciyawa. Amma gaskiya wurin ya zama kasuwa, jirgi na tashi wani na sauka, bayani ɗaya ake maimaita wa kowa sannan a baje kayan saƙa. Ban ga laifinsu ba, abincinsu ke nan, sai dai ban samu na zauna da kowa ba.

Tsibirin Amantani ne ya kama min zuciya. Wajen awa 3 muka ƙara a ruwa, da muka isa mata na tsaye a bakin gaɓa da baƙin mayafi mai ado, aka rarraba mu gida-gida, su da kansu suke juya karɓar baƙi don kowane gida ya samu. Wata dattijuwa ce ta ɗauke ni, tana gaba tana kaɗa zaren ulu da mazari tana hawa tudu ko a jikinta, ni ina baya da jaka da ɗan shinkafa da suga da man girki da na sayo musu a Puno. Babu mota ko ɗaya a tsibirin, sai tumaki da gonaki hawa-hawa da aka tare da duwatsu.

Gidan na tubalin ƙasa ne, kicin ɗin ƙarami duk hayaƙi ya baƙanta shi, murhun laka, kai ka ce gidan kakarka ne a ƙauye. Yarensu Kecuwa, ni kuma Sifaniyancin nawa bai wuce gaisuwa ba, da hannu muka yi ta magana. Ta zubo min miyar kinuwa, wani hatsinsu mai ƙananan ƙwayoyi, da dankali kala uku da soyayyen cuku, da shayin wani ganye muña mai ƙamshin na'ana'a. Babu nama, hankalina ya kwanta. Ta nuna min chuño, dankalin da suke shanyawa sanyin dare ya daskarar da shi, rana ta narkar, su tattake da ƙafa ruwan ya fita, ya bushe ya yi shekaru bai lalace ba. Na daɗe ina juya shi a hannu ina tunanin asarar da manoman Jos ke yi saboda rashin wurin ajiya.

Da magariba na ɗebi ruwa zan yi alwala, sanyinsa kamar ya yanke min yatsu. Ashe tana kallona. Da asuba ina buɗe ƙofa sai na tarar da buta da ruwan ɗumi a bakin ɗakin, ta riga ni tashi ta hura wuta. Ba ta san me ake kira salla ba, ba ta tambaye ni ba, ta dai ga baƙonta na wanke hannu da fuska cikin sanyi. Sai da idona ya ciko wallahi.

Washegari muka biya tsibirin Takile, inda maza ne ke saƙa hula suna tafe suna hira, ja zalla ta mai aure, ja da fari ta saurayi. UNESCO ta karrama saƙarsu a 2005. Matakala sama da 500 muka sauko kafin mu kai jirgi.

Na sayo maka hula ɗaya, ja zalla, ka ajiye ta sai hunturu. Jibi zan koma Lima in sha Allahu, daga can sai gida. Ka gaida Hajiya da amarya da yara, ka ce a sa ni a addu'ar hanya.

Naka har kullum.