Butar da ruwanta ba ya ƙarewa tana kashe wasa

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da samarinmu na Nima da Mamobi masu buga wasan labari na kan tebur, wanda kowa ke ɗaukar jarumi ɗaya, mutum guda kuma yana jan labarin. Mafi shahara a irinsa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Iyayen da gabansu ke faɗuwa in sun ji an ambaci sihiri su kwantar da hankali: ba laya, ba turare. Takarda ce da fensir da 'ya'yan ludo masu fuska 4 zuwa 20, tatsuniya ce aka sa mata lissafi.

Inda masu jan labari ke tafka kuskure shi ne wajen kayan al'ajabi. Sai a miƙa wa ɗan wasa abu ba a tsaya an tambayi me yake ci, sau nawa yake aiki, ta ina yake lalacewa ba.

A dubi wata butar sihiri da ke cikin dokokin Dungeons & Dragons na 2014, wadda ruwanta ba ya ƙarewa. Da kalma ɗaya tana ba da galan 1, ko 5, ko 30 a zagaye guda, zagaye kuwa daƙiƙa 6 ne. Galan 30 na Amurka kusan lita 114 ke nan. A minti ɗaya ta haura lita 1,100, wato jarkar Kufuor mai lita 25 har guda 45. To, ka ajiye wannan buta a garin wasa mai kama da unguwarmu. Kafin la'asar masu tanka sun rasa ciniki, mai sayar da ruwa a bakin famfo ta koma gida, kwata ta cika ta shiga ɗakunan mutane, sarkin garin ya turo dogarai a karɓo masa. 'Yan wasa kuwa ba su da wauta. Kogon 'yan fashin da ka kwana kana zanawa, toshe bakinsa za su yi su cika shi da ruwa, tafiyar hamadar da ka shirya ta zama yawon shan iska.

Maganin yana cikin dokokin kansu. Akwai sanda mai harba kiban sihiri wadda ke ɗauke da caji 7 kacal. Kowace asuba a jefa ɗan ludo mai fuska 6, a ƙara 1, abin da ya fito shi ya dawo. Wanda ya ƙarar da cajin ƙarshe zai jefa mai fuska 20, in 1 ta fito sandar ta zama toka. Kashi 5 cikin 100 ne kawai, amma ya isa ya sa hannun mutum rawa kafin ya harba na bakwai. Haka kuma akwai kayan da sai sun saba da mai su, kuma jarumi ba ya riƙe irinsu fiye da 3.

Saboda haka in za ka ƙirƙiro naka, a ce tukunya mai dafa wake da shinkafa ba gawayi, rubuta komai a ƙaramin kati tun kafin a zauna. Tana ciyar da mutum 10, sau 2 a yini. Abin da take ci kafin ta yi aiki garin wani dutse ne da ake saye da zinariya 5 a gari ɗaya tak, ka ga an samu dalilin tafiya da fatake da 'yan tare hanya. In aka matsa mata karo na uku, a jefa mai fuska 6: 1 ko 2 ta tsage, 3 abincin ya fito da gishirin da ba ya ciwuwa.

Jakar sihiri mai faɗin ciki da ke cikin dokokin ma da sharaɗinta. Tana ɗaukar kusan kilo 227 alhali nauyinta bai wuce kilo 7 ba, amma in aka cika ta fiye da kima ko wuƙa ta huda ta, ta fashe, kayan sun tafi. Masu dabarar ɓoye abokai a ciki don su wuce masu gadin ƙofa su sani iskar minti 10 ce, ana raba ta da yawan waɗanda ke ciki. Mutum 5, minti 2.

Naka,
Mai karatu daga Nima, Accra