Amsa ga Hajiyar da ta tambaye ni batun maganin gargajiyar Japan

Hajiya barka da war haka. Kin tsare ni gaban jama'a wai tunda likitocin Japan da kansu suna karanta maganin gargajiya suna ba masu ciwon daji, me ya sa muke hana mijinki barin kemo, wato maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin daji, ya koma saiwa. Lokaci bai bari na amsa ba ranar, to ga shi.

Gaskiya ne suna karantawa, sunansa kampo, asalinsa daga Sin. Tun 2001 aka sa shi a manhajar makarantun likitanci, kuma inshorar lafiyarsu na biyan kala 148. Amma can fa babu wani lasisin mai maganin kampo daban, likitan da ya gama karatun asibiti shi ke rubutawa, kuma ba a ƙullin leda yake zuwa ba, gari ne a ƴar fakiti da lamba a jiki kamar na kamfanin Tsumura, awo ɗaya yau da gobe.

Sannan ba dajin suke kashewa da shi ba wlh, wahalar magani suke ragewa. Wanda kemo ya hana cin abinci, ya ga tuwo zuciyarsa ta tashi, sai a ba shi rikkunshito, wanda aka yi wa aikin hanji cikin ya tsaya cik a ba shi daikenchuto, citta ce da saiwar ginsin da wani barkononsu, mai gyambon baki ko gudawa kuma hangeshashinto, duk wannan kemo na tafiya ba a tsayar ba.

Abin da ya fi burge ni ma ba ya wuce yadda suke gwada abinsu. Akwai goshajinkigan da aka daɗe ana yabo kan dindiris ɗin hannu da ƙafa da allurar kemo mai suna oxaliplatin ke kawowa, da aka yi babban gwaji sai aka ga bai hana ba, aka dakatar. Shosaikoto kuwa a shekarun 1990 ya jawo wa wasu ciwon huhu har aka rasa rayuka. Galibin haɗin akwai wata saiwa mai zaƙi, likoris, mai sa hawan jini, shi ya sa ake duba jinin mai sha.

Ni a ganina ma darasin da ake ba ɗalibansu ya yi kaɗan, da yawa sai sun fara aiki suke ƙaro sani.

Don Allah ranar asibiti ki tafi da duk abin da Alhaji ke sha, har jiƙon nan na cikin galan, ki ajiye wa likita a tebur. Allah ya ba shi lafiya.